Yadda Ake Lissafa Hawan Narkakken Dutse Daga Cikin Ƙasa da Kwamfuta: Jagora ga Ɗaliban Arewacin Kamaru

Duk wanda ya bi hanyar Mokolo zuwa Rumsiki ya ga tsaunukan Kapsiki tsaye cirko-cirko. Narkakken dutse ne ya daskare a bututun da yake fitowa, ruwa da iska suka cinye abin da ke kewaye da shi, suka bar shi a tsaye. Tafkin Tison na gefen Ngaundere ma ramin aman wuta ne. Dukansu suna kan layin duwatsu masu aman wuta na Kamaru, mai tsawon kimanin kilomita 1,600, wanda ya taso daga tsibiran Annobon da Sawo Tome da Biyoko, ya bi ta Dutsen Kamaru da ya yi amai a 1999 da 2000, ya rabu zuwa tudun Adamawa da tudun Biu a Najeriya. A arewacin Chadi kuma ga Tibesti, inda dutsen aman wuta Emi Kusi ya kai mita 3,415.

Narkin da ya gina waɗannan duwatsu daga mantil ya taso, wato sashen da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa, mai nisan gomman kilomitoci. Ba wanda zai leƙa can. Ramin da ya fi kowane zurfi, wanda aka haƙa a Kola ta Rasha, a mita 12,262 ya tsaya. Abin da ya rage mana shi ne lissafi. Na rubuta wannan jagora ne domin ɗalibin kimiyyar ƙasa ko na lissafi a Ngaundere ko Marwa, wanda ke da ƙaramar kwamfuta, ya iya Python daidai gwargwado. Shawarata tun daga farko ita ce kada ka fara da babbar manhaja. Fara da layi ɗaya a tsaye, da matsalar da aka riga aka san amsarta.

Mataki na 1: Gane abin da kake son kwaikwaya

Mutane da yawa suna zaton akwai tekun narkakken dutse a ƙarƙashinmu. Babu. Mantil dutse ne mai tauri, galibinsa ma'adanin olibin, sai dai yana motsi a hankali, santimita kaɗan a shekara. Inda ya narke ma, kashi 1 ko 2 cikin 100 ne narki, kuma yana maƙale ne a 'yan hanyoyin da ke tsakanin ƙwayoyin dutsen.

Ka tuna mai yin ƙuli-ƙuli tana murza niƙaƙƙiyar gyaɗa. Mai yana tsatsowa ta tsakanin gyaɗar, tunkuza kuma tana haɗewa tana cike gurbin da man ya bari. Idan tunkuzar ta ƙi matsuwa, mai ba zai fito ba. Abubuwa biyu ke nan suke tafiya tare: ruwa yana ratsawa, ƙulli yana matsewa. Dan McKenzie na Jami'ar Kambirij ya tsara wannan a lissafi a 1984. Ya haɗa dokar Darcy ta 1856, wadda ke bayanin yadda ruwa ke ratsa yashi, da lissafin Stokes na kwararar abu mai kauri sosai. Kusan duk manhajar da ake amfani da ita yau a wannan fanni a kan wannan tsari aka gina ta.

Mataki na 2: Tara lambobinka, ka yi lissafin hannu

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki biro da takarda. Ga ƙimomin da aka saba farawa da su. Nauyin dutse kilogiram 3,300 a kowace mita kubik, na narki 2,800, bambancinsu Δρ = 500. Kaurin dutsen mantil mai zafi, wato yadda yake ƙin kwarara, η = 10¹⁹ Pa·s (faskal-daƙiƙa), kaurin narkin basalt, baƙin dutsen aman wuta, μ = 1 Pa·s. Girman ƙwayar dutse d = milimita 2. Kason narki φ₀ = 0.01.

Sauƙin ratsawa, k, shi ne zai fi ba ka wahala, domin yana canzawa da kason narki ƙwarai. Gwaje-gwajen Wark da Watson na 1998 sun ba da k = d²φ³/270. Sa lambobinmu, za ka samu kimanin 1.5 × 10⁻¹⁴ m². Daga nan abubuwa uku za su fito.

Na farko, saurin hawan narki: w₀ = kΔρg/(μφ₀), inda g yake ƙarfin jan ƙasa, kimanin santimita 23 a shekara.

Na biyu, tsayin matsewa: δ = √(kη/μ), kimanin mita 385. A cikakken lissafi, wurin η akwai kaurin matsewa haɗe da 4/3 na kaurin murɗewa, amma na dunƙule su lamba ɗaya don sauƙi. Tsayin matsewa shi ne nisan da dutse ke jin matsin maƙwabcinsa. Idan narki ya taru a wani wuri, dutsen da ke cikin wannan nisa ne kawai zai amsa. Wannan lamba ce za ta yanke maka tazarar ɗigogin ragarka, wato wuraren da kwamfuta za ta riƙa yin lissafi a kansu, da yawan ƙwaƙwalwar da kwamfuta za ta ci, da ko aikin zai yiwu a ɗakinka ko sai an nemi babbar na'ura. Na sha ganin zane mai kyawun launi wanda tazarar ragarsa ta ninka δ sau goma. Irin wannan zane ado ne kawai.

Na uku, ma'aunin lokaci: δ/w₀, kimanin shekara 1,700.

Yanzu gwada wani abu: ninka φ₀ sau biyu. Sauƙin ratsawa zai ninka sau takwas, saurin narki sau huɗu. Inda narki ya fi yawa, nan ya fi gudu, don haka na baya yana cim ma na gaba. Duk abin ban sha'awar da za ka gani a allo daga wannan ya samo asali.

Mataki na 3: Sauƙaƙa lissafin zuwa layi ɗaya

Auna nisa da δ, lokaci da δ/w₀, kason narki da φ₀. Idan ka yi haka, lambobi masu sifili 19 sun ɓace, kwamfuta ba za ta riƙa haɗa ƙaton adadi da ɗan mitsitsi ba, wanda shi ke jawo kuskuren taƙaita lamba. Ka ɗauka kason narki kaɗan ne, babu sabon narkewa, z yana kallon sama. Ikweshon biyu ne suka rage:

∂φ/∂t = C

C − ∂/∂z(φ³ ∂C/∂z) = −∂(φ³)/∂z

C shi ne saurin buɗewar dutse. Idan ya fi sifili, narki na shigowa, dutse na buɗewa. Idan ya gaza sifili, dutse na matsewa yana korar narki. Lura cewa babu lokaci a ikweshon na biyu. Ma'ana, a kowane taku sai ka warware shi a dukan layin gaba ɗaya, sannan ka yi amfani da amsar ka matsa gaba da na farko.

Mataki na 4: Shimfiɗa raga

Ɗauki layi daga z = 0 zuwa z = 200, wato kusan kilomita 77 da lambobinmu. Raba shi da tazarar h = 0.25, ɗigo huɗu a kowane tsayin matsewa, jimla ɗigo 801. Za mu maye gurbin kowane canji da bambancin da ke tsakanin ɗigo da maƙwabcinsa.

Ga inda masu farawa ke tuntuɓe: φ da C suna zaune a kan ɗigo, amma sauƙin ratsawa K = φ³ a tsakiyar ɗigo biyu ake lissafa shi, domin ta nan narki ke tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan. Idan ka yi haka, abin da ya fita daga wani ɗigo shi ne daidai abin da ya shiga na gaba, narki ba ya ɓacewa, ba ya ƙaruwa da kansa. Kowane ɗigo da maƙwabtansa biyu kawai yake hulɗa, don haka matiris ɗin layuka uku ne a tsakiya, sauran duk sifili. SciPy yana warware irinsa cikin ƙiftawar ido.

```
import numpy as np
from scipy.linalg import solve_banded

def matsewa(phi, h):
    K = (0.5*(phi[1:] + phi[:-1]))**3
    n = len(phi) - 2
    ab = np.zeros((3, n))
    ab[0, 1:]  = -K[1:-1]/h**2
    ab[1, :]   = 1 + (K[1:] + K[:-1])/h**2
    ab[2, :-1] = -K[1:-1]/h**2
    b = -(K[1:] - K[:-1])/h
    C = np.zeros_like(phi)
    C[1:-1] = solve_banded((1, 1), ab, b)
    return C
```

A nan na sa C = 0 a iyakar sama da ta ƙasa. Hakan yana aiki muddin abin da kake kallo bai kusanci iyaka ba.

Mataki na 5: Taka lokaci

Hanya mafi sauƙi ita ce ta Euler: sabon φ daidai yake da tsohon φ haɗe da dt × C, inda dt yake girman takun lokaci. Kada ka yi amfani da ita a nan, domin tana kumbura igiyar narki, wato dunƙulen narkin da ke hawa, a hankali, kai kuwa za ka ɗauka gaskiya ce. Yi rabin taku tukuna, sannan cikakke:

```
rabi = phi + 0.5*dt*matsewa(phi, h)
phi  = phi + dt*matsewa(rabi, h)
```

Game da girman dt, akwai ƙa'idar Courant da Friedrichs da Lewy ta 1928: kada abin da ke tafiya ya tsallake fiye da ɗigo ɗaya a taku ɗaya. Da h = 0.25 da igiya mai saurin 5, dt = 0.02 ya isa. A wannan ƙaramar matsala matsewa tana sassauta sharaɗin, amma ka saba da shi, zai zame maka dole da zarar ka ƙara tafiyar dutse da zafi.

Mataki na 6: Gwaji da amsar da aka sani

Wannan mataki ne ke raba mai lissafi da mai zane, kuma a nan nake so ka fi daɗewa.

A 1984 Scott da Stevenson suka nuna cewa waɗannan ikweshon suna haifar da igiya tilo, wato dunƙulen narki da ke hawa sama ba tare da ya canza siffa ba. A 1986 Barcilon da Richter suka yi nazarin lissafinta. A irin tsarin da muka rubuta, idan ƙololuwar igiyar ta ninka kason narkin da ke kewaye sau A, saurinta c = 2A + 1 ne. Igiya mai A = 2 tana gudu da saurin 5, wato kusan mita 1.15 a shekara. Mai A = 3 tana gudu da 7. Babba ta fi ƙarama sauri.

Siffarta ma ana iya rubuta ta. Sa a = √(A − 1), s = √(A − φ). Nisan kowane φ daga ƙololuwa shi ne:

nisa = √(A + ½) × [2s + (1/a) ln((a + s)/(a − s))]

Zaɓi ƙimomin φ masu yawa daga 1.000001 zuwa A, lissafa nisan kowanne, jera su daga ƙaramin nisa zuwa babba, sannan ka yi amfani da np.interp ka ɗora su a ragarka, ƙololuwa a z = 30. Inda nisa ya wuce abin da ka lissafa, φ = 1. Da A = 2, faɗin igiyar a rabin tsayinta kusan δ goma ne, kilomita huɗu ba kaɗan.

Saki lissafin zuwa t = 20. Ƙololuwa ta kamata ta isa z = 130, tsayinta yana nan a 2. Duba abu uku. Wurin ƙololuwar ya yi daidai? Jimlar (φ − 1) × h ta canza? Bai kamata ta canza ba sai a can lambobin ƙarshe. Sannan rage h da dt zuwa rabi, ka sake: bambancin da ke tsakanin amsarka da ta gaskiya ya kamata ya ragu kusan sau huɗu. Idan sau biyu kawai ya ragu, akwai kuskure a wani wuri, galibi a lissafin K ko a takun lokaci. Idan igiyar ƙasa ta nufa maimakon sama, ka juya alamar b.

Sai bayan wannan ya tabbata za ka yi wasa. Fara da tudu mai faɗi, φ = 1 + 2·exp(−((z − 30)/8)²). Za ka ga gabansa ya miƙe, sannan ya tsinke zuwa jerin igiyoyi, babba a gaba, ƙanana na biye. Auna tsayi da saurin ta gaba bayan ta rabu da sauran, ka gwada da 2A + 1. Sa babbar igiya a bayan ƙarama kuma, ka kalli yadda za su haɗu su rabu, kowace kusan da siffarta. Abin lura shi ne, ko da narki yana samuwa a hankali ba yankewa, zai iya isa sama rukuni-rukuni.

Mataki na 7: Shigo da narkewa

Har yanzu narkin da muka zuba da hannu muke motsawa. A zahiri, mantil yana narkewa ne galibi saboda ya hau sama matsi ya ragu, ba don an ƙara masa wuta ba. Katz da abokan aikinsa sun ba da zafin fara narkewar busasshen dutsen mantil a 2003: T = 1085.7 + 132.9P − 5.1P², T a ma'aunin Salshiyos, P a gigafaskal. Gigafaskal ɗaya kusan zurfin kilomita 31 ne. A P = 3, wato kusan kilomita 93, sai zafi ya kai digiri 1,438 kafin dutse ya fara narkewa.

Zana wannan layi, ka zana kuma zafin mantil mai hawa: digiri 1,350 haɗe da 0.4 a kowace kilomita ta zurfi. Za su haɗu a wajen kilomita 75. Ƙasa da nan babu narki, sama da nan akwai. To amma idan murfin sama mai sanyi da tauri, wato ɓawon ƙasa haɗe da saman mantil, ya kai kaurin kilomita 100, mantil ba zai samu damar hawa har 75 ba. Saura dai ko ya fi haka zafi, ko kuma yana ɗauke da ruwa da iskar kabon, waɗanda ke sauke zafin narkewa sosai. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Basalt ɗin layin Kamaru mai yawan alkali ne, alamar narkewa kaɗan a wuri mai zurfi, kuma iskar kabon da ta fashe daga Tafkin Nyos ranar 21 ga Agusta 1986 ta kashe mutane sama da 1,700 daga narkakken dutsen ƙarƙashi ta taso.

A lissafinka, ƙara abu biyu a ikweshon na farko: saurin narkewa, wanda shi ne saurin hawan dutse W sau yawan ƙaruwar narkewa F a kowace mita, da kuma ɗaukar φ da dutsen ke yi yayin da yake hawa. Nan ma akwai gwajin hannu. Idan W santimita 1 ce a shekara, kuma dutse ya narke kashi 5 cikin 100 kafin ya kai sama, narkin da ke wucewa dole ya zama 0.01 × 0.05 = 0.0005 mita a shekara. Daidaita wannan da φ₀w₀(φ/φ₀)³, za ka samu φ kusan 0.006. Dutsen da ya ba da kashi 5 bai riƙe ko kashi 1 ba a lokaci guda, sauran duk ya tsiyaye ya wuce. Idan kwamfutarka ta ba ka abin da ya yi nisa da 0.006 bayan lissafi ya lafa, koma ka bincika.

Hattara da wuri guda: ƙasa da inda narkewa ke farawa φ sifili ne, K sifili, δ ma sifili. Hanya mai sauƙi ita ce ka sa ƙaramin φ da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Ka canza wannan lamba sau goma ka ga ko amsarka ta motsa, kuma ka faɗe ta a rubutunka.

Mataki na 8: Faɗi da zurfi

Layi ɗaya ba zai amsa babbar tambayar layin Kamaru ba, wato me ya samar da shi. A Hawai shekarun tsibirai suna ƙaruwa a jere yayin da kake nisa da inda wutar take yanzu. A nan babu wannan jeri, shi ya sa bayanin tushen zafi guda ɗaya bai gamsar da masana ba. Wasu suna ganin mantil ne ke juyawa a gefen tsohon dunƙulen Kongo, wato daɗaɗɗen yankin dutse mai kauri da ke kudu da layin, inda murfi mai kauri ya haɗu da siriri. Gwada wannan sai da faɗi da zurfi tare.

Nan sai ka warware saurin dutse ta fuska biyu, da matsi, da zafi. Idan ka ɗora sauri da matsi a ɗigo ɗaya, matsin zai fito sama-ƙasa, sama-ƙasa daga gida zuwa gida, ba ma'ana. Maganinsa tun 1965 Harlow da Welch suka kawo shi: matsi a tsakiyar gida, sauri a bangonsa, irin dabarar da ka riga ka yi da K. Wajen ɗaukar zafi da narki kuma, hanyar kallon inda kwarara ta fito tana da sauƙi, ba ta fashewa, amma tana shafe kaifin abubuwa. Gwada ta da igiyarka tilo ka ga nawa take ci.

Yi lissafin girma kafin ka ɗora wa kanka. Yanki mai faɗin kilomita 600 da zurfin 300, da tazarar mita 100, gida miliyan 18 ke nan, kowane da lambobi da dama. Ƙaramar kwamfuta ba za ta ɗauka ba. A nan ASPECT ke da amfani: manhaja ce kyauta, tana ƙanƙanta raga inda ake buƙata kawai, kuma Dannberg da Heister sun sa mata tafiyar narki a 2016. Mai son rubuta nasa yana iya ginawa a kan FEniCS ko PETSc, ya kalli sakamako da ParaView. Cikin misalan gwajin da ASPECT ke zuwa da su akwai igiya tilo. Fara da ita, tunda ka riga ka san yadda ya kamata ta kasance.

Siffar yankin kuwa kada ka ƙirƙira. Daga 2005 zuwa 2007 an kafa na'urorin auna girgizar ƙasa 32 a faɗin Kamaru. Nazarin bayanansu ya nuna ɓawon ƙasa yana da kaurin kilomita 35 zuwa 39 a ƙarƙashin layin, 43 zuwa 48 a gefen dunƙulen Kongo, 26 zuwa 31 a kwarin Garwa. Akwai kuma gutsattsarin mantil masu launin kore da basalt ya ɗauko ya fito da su a Adamawa da Kapsiki. Ƙwayoyinsu ana iya auna su, kuma d da ka auna da kanka a gutsuren yankinku ya fi wanda na ba ka a mataki na 2 daraja, tunda k da d² yake tafiya.

Abubuwan ɗaki

Wuta na ɗaukewa, kuma a Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana haura digiri 40, kwamfuta ta rage gudu da kanta ko ta mutu. Sa lissafinka ya riƙa ajiye φ da lokaci da np.save bayan kowane taku 500, ya kuma iya ci gaba daga fayil na ƙarshe. Dogon aiki ka bar shi da dare, ka ɗaga kwamfutar daga kan katifa iska ta shiga ta ƙasa. Kowane gwaji ka rubuta h da dt da A a sunan fayil ɗinsa. Ranar kare kundi, idan Malam ya nuna zane ya ce wace tazara ka yi amfani da ita a nan, ba ka so ka tsaya kana sosa ƙeya.

Ka kuma san inda wannan lissafi ya tsaya. Yana aiki ne inda dutse ke da zafin da zai matsu a hankali. Da narki ya isa murfin sama mai sanyi, tsaga dutse yake yi ya bi ta tsagin da gudun da ya ninka na ratsawa nesa ba kusa ba, kuma wannan lissafin karyewar dutse ne, wani fanni daban. Don haka kada ka rubuta a kundinka cewa aikinka zai faɗi ranar da Dutsen Kamaru zai sake amai. Abin da zai iya faɗi shi ne zurfin da narki ke farawa, yawan da ke hawa a shekara, da yadda waɗannan ke canzawa idan ka sauya kaurin murfi tsakanin Ngaundere da Garwa.